Federico Garcia Lorca: Marubucin da ya bi sawun ruhin waƙoƙin Andalus

A ƙasar Sifaniya da wuya a yi maganar kiɗan flamenko ba tare da an ambaci sunan Federico Garcia Lorca ba, duk kuwa da cewa bai taɓa riƙe waƙar a matsayin sana'a ba, bai kuma fito daga gidajen da suka gaje ta ba.

Marubucin waƙoƙi ne da wasannin kwaikwayo, ɗan masu hali, wanda aka harbe a 1936 yana da shekara 38 da haihuwa. To amma shi ne ya fi kowa cusa wa duniya ra'ayin cewa waƙoƙin da talakawan kudancin ƙasar ke rerawa a maƙera da gidajen kurkuku da ramukan haƙar ma'adinai suna ɗauke da magana mai nauyi game da mutuwa, da ƙaddara, da kuma abin da ke tsakanin bawa da Mahaliccinsa.

Tasowarsa

An haifi Lorca ranar 5 ga watan Yunin 1898 a ƙauyen Fuente Vaqueros, cikin dausayin da ke yamma da birnin Granada, wanda Larabawa ke kira Garnaɗa. Mahaifinsa manomi ne mai filaye da yawa, mahaifiyarsa Vicenta Lorca kuma malamar makaranta ce.

Waƙoƙin gargajiya na farko da suka shiga kunnensa daga bakin matan da ke aiki a gidansu ya ji su. Daga baya ma sai da ya gabatar da lacca guda a kan waƙoƙin reno, inda ya nuna cewa matan talakawa masu raino su ne ke kai wa 'ya'yan attajirai gadon ƙasarsu.

A 1909 iyalin suka koma Granada, birni na ƙarshe da ya rage a hannun Musulmin Andalus kafin sarki Abu Abdullahi ya miƙa shi ga Ferdinand da Isabella a 1492. Lorca ya girma ne yana kallon fadar Alhambra kullum safiya. Ya ƙware a kaɗa fiyano har ana zaton makaɗi zai zama. Ya karanta aikin lauya ba da son ransa ba, kuma a 1919 ya tafi Madrid, inda ya yi abota da mai zane Salvador Dali da mai shirya fina-finai Luis Bunuel.

Waƙa mai zurfi

Flamenko dai abu uku ne a haɗe: waƙa, da kiɗan jita, da rawa. Baƙi sun fi sanin rawar, da jan kaya da buga ƙafa. Su kuwa masu abin, waƙar ce uwa a wurinsu, musamman tsofaffin nau'o'inta da ake kira cante jondo, wato waƙa mai zurfi.

Baitocin gajeru ne ƙwarai, layi uku ko huɗu, kuma galibi ba a san wanda ya tsara su ba. Mawaƙi kan buɗe da doguwar ƙara mai kama da kukan wanda aka yi wa rasuwa, sannan ya riƙa jan gaɓa ɗaya yana lanƙwasa ta har numfashinsa ya ƙare.

Kowane nau'i da halinsa. Siguiriya ta mutuwa ce da rashin uwa. Solea, wadda yawancin masana ke danganta sunanta da kalmar kaɗaici, ta mutum ce da ke zance da zuciyarsa. Martinete ta maƙera ce, ba ta da jita, sai dai a wasu lokuta bugun guduma a kan uwar maƙera. Akwai kuma saeta, wadda ma'anarta kibiya, ana rera ta ne a makon Ista, lokacin da Kiristoci ke zagaya gari da mutum-mutumin Annabi Isa da na mahaifiyarsa Maryam. Mawaƙi zai tsaya a barandar bene, ba kiɗa, ya jefa muryarsa ga ayarin, su kuma masu ɗauke da kayan su tsaya cik har ya gama.

Jama'ar da aka fi dangantawa da wannan waƙa su ne Gitano, wato 'yan ƙabilar Roma na Sifaniya, waɗanda asalinsu daga Indiya yake. Sun shiga ƙasar a ƙarni na 15, kuma tun daga 1499 aka fara yi musu dokokin takura. A 1749 gwamnati ta kame dubbansu a lokaci guda, aka raba maza da mata, aka tura mazan aikin tilas a tashoshin jiragen ruwan yaƙi. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin yawan ambaton sarƙa da kurkuku a baitocin ba.

Gasar Alhambra

Mutumin da ya ja hankalin Lorca ga nazarin waɗannan waƙoƙi shi ne Manuel de Falla, fitaccen mai tsara kiɗa, wanda ya tare a Granada a 1920. Falla mutum ne mai riƙo da addinin Katolika, ya kuma girmi Lorca da shekara fiye da ashirin.

Su biyun suna ganin waƙa mai zurfi tana gab da mutuwa, domin gidajen shaƙatawa sun mayar da ita hajar sayarwa. Saboda haka, tare da wasu abokansu, suka shirya gasa ranakun 13 da 14 ga watan Yunin 1922 a wani fili da ke cikin Alhambra.

Wanda ya fi burge jama'a wani tsoho ne da ya haura shekara saba'in, Diego Bermudez, da ake yi wa laƙabi da El Tenazas, wanda ya riƙe salon rerawar mutanen da. An kuma ba da kyauta ga wani yaro ɗan shekara 12 wanda daga baya ya shahara da sunan Manolo Caracol.

Sai dai masu shirya gasar sun hana manyan ƙwararru shiga takara, bisa zaton cewa tsantsar waƙar tana can ɓoye a bakin mutanen ƙauye. A nan masu nazarin da suka zo daga baya suna ganin lissafin bai fita ba. Waɗannan nau'o'i masu wuya a hannun ƙwararrun suke, irin su Antonio Chacon da Manuel Torre, waɗanda aka gayyata a matsayin manyan baƙi da masu alƙalanci.

Abin da ya ji a baitocin

Watanni huɗu kafin gasar, ranar 19 ga watan Fabrairun 1922, Lorca ya gabatar da lacca a Granada. Falla ya ɗauki ɓangaren kiɗa, inda ya danganta asalinsa da abubuwa uku: waƙoƙin cocin Rumawan Gabas, da zuwan Larabawa, da kuma isowar Gitano. Shi kuwa Lorca, ɗan shekara 23 a lokacin, kalmomin ya fi mayar da hankali a kansu.

Abu na farko da ya lura da shi shi ne cewa waƙar ta dare ce. Sauran waƙoƙin gargajiyar Sifaniya suna da duwatsu da koguna da hantsi, amma wannan tana rufe ido ne ta duba ciki. Batunta biyu ne da ba sa rabuwa, so da mutuwa, kuma a ganinsa tambaya take yi wadda ba ta jiran amsa.

Na biyu shi ne abin da Sifaniyawa ke kira pena. Kalmar tana nufin baƙin ciki, amma a baitocin takan zama kamar mutum. Tana shiga gida, tana zama kusa da mai ita, tana bin sa duk inda ya nufa. Lorca ya siffanta ta da wata mace baƙa. A fahimtarsa wannan damuwa ta wuce ta rashin kuɗi ko ta masoyiyar da ta juya baya, begen wani abu ce da mai ita bai san sunansa ba.

Na uku, mawaƙin yana magana da iska da teku da ƙasa da duwatsu kamar masu ji, yana kai musu ƙara, yana neman shawararsu. Haka kuma yana kiran Ubangiji, wani lokaci da sunan Undebel na yaren Gitano, yana roƙo, yana kuka, wani sa'in har da ƙorafin da mai wa'azi ba zai lamunta ba.

Daga nan sai Lorca ya waiwayi Gabas. Ya karanta fassarar waƙoƙin Larabci da Farisanci da wani basaraken Sifaniya, Gaspar Maria de Nava, ya yi, sai ya ga kamanni tsakanin baitocin Andalus da gazalolin Hafiz na Shiraz da kuma rubā'iyyat na Umar Khayyam: hawaye na jini, zuciyar da ta tsage, gashin masoyiya da ya zama tarko.

A nan akwai buƙatar taka-tsantsan. Masu karatun Hafiz da idon sufanci sun gaji ƙamus na alamomi, inda giya ke nufin shauƙin Allah, masoyi kuma ke nufin Abin Bauta. Maƙerin Triana ko ma'aikacin gonar inabi a Jerez ba shi da irin wannan makaranta. Idan ya ambaci uwarsa tana kwance a asibiti, uwar tasa yake nufi. Littafin da Antonio Machado y Alvarez ya tattara ɗaruruwan baitocin a ciki a 1881 cike yake da yunwa da kishi da cin amana na zahiri. Kazalika, flamenko a siffar da aka san shi bai bayyana a rubuce ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 18, fiye da shekara 150 bayan korar sauran zuriyar Musulmi tsakanin 1609 da 1614, don haka yawancin masana suna ɗaukar kiɗan Larabawa a matsayin ɗaya daga cikin jijiyoyinsa masu yawa.

Duk da haka ba za a ce Lorca ƙirƙira ya yi ba. Mutumin da ba ya da alƙalin da zai kai wa ƙara, wanda ya mayar da kukansa sama, ya riga ya shiga maganar ruhi ko da bai taɓa buɗe littafi ba. Wannan ne Lorca ya ji, ya kuma ba shi suna.

Wata da wuƙa

Mafi yawan littafinsa Poema del cante jondo ya rubuta shi ne a watan Nuwamban 1921, amma bai fito ba sai 1931. Bai kwaikwayi baitocin gargajiya ba. Ya ɗauki nau'o'i huɗu, siguiriya da solea da saeta da petenera, ya gina sashe a kan kowanne, yawancinsu a siffar mata masu ratsa gonakin zaitun da ƙauyukan da ke zaman makoki. Wuƙa da mararraba da ƙararrawar coci da fitilar mai suna ta dawowa.

Littafin da ya fito da shi duniya shi ne Romancero gitano na 1928, mai waƙoƙi 18. A ciki ya raba wa biranen Andalus uku mala'iku: Mika'ilu ga Granada, Rafa'ilu ga Cordoba, Jibrilu ga Seville.

Alamar da za ta fi ba mai karatu Bahaushe mamaki ita ce ta farin wata. A ƙasidun Larabci da na Hausa, wata misalin kyau ne da haske, shi ya sa masu bege ke yawan ambaton daren sha huɗu. A wurin Lorca kuwa wata jakadan mutuwa ne. Waƙar farko a littafin tana ba da labarin yadda wata ya sauko maƙera cikin siffar mace ya tafi da wani yaro. A wasansa Bodas de sangre na 1933, wata ya fito a dandamali yana ƙishin jini, yana haska wa masu farautar masoya biyu hanya, ita kuma mutuwa ta zo cikin shigar tsohuwa mai bara.

Shaharar ta dame shi, domin mutane sun fara ɗaukarsa mawaƙin Gitano kawai. A 1929 ya tafi New York. A unguwar Harlem ya saurari waƙoƙin baƙar fatar Amurka, ya kuma ji a cikinsu irin raɗaɗin da ya sani a gida. Ya biya ta Kyuba a 1930 kafin ya koma. Daga 1932 ya jagoranci La Barraca, ƙungiyar ɗalibai da ke kai wasannin kwaikwayo ƙauyuka a cikin mota.

Duende

A watan Oktoban 1933, a birnin Buenos Aires na Ajantina, ya gabatar da laccar da aka fi tunawa da shi a kanta, game da abin da mutanen Andalus ke kira duende.

Kalmar ta samo asali ne daga wani furuci da ke nufin mai gida, kuma a tatsuniyoyin Sifaniya ƙaramin aljani ne da ke zama a gidaje yana ɓoye kaya. Amma a bakin masu flamenko tana nufin wani yanayi da kan sauko wa mawaƙi, har masu sauraro su ji tsigar jikinsu ta tashi. Lorca ya jaddada cewa ba shaiɗanin da addini ke gargaɗi a kansa yake nufi ba.

Ya bambanta tushen fasaha uku. Mala'ika yana shawagi a sama yana zuba wa mutum baiwa. Aljanar waƙa ta Girkawa tana yi masa shifta a kunne. Dukansu daga waje suke zuwa. Shi kuwa duende daga cikin jini yake tasowa, daga tafin ƙafa, kuma kokawa ake yi da shi. Ba a koyonsa, ba ya maimaita kansa, ba ya kuma zuwa sai ya hangi yiwuwar mutuwa a wurin. Ya jingina da maganar Manuel Torre, mawaƙin da bai yi karatu ba, wanda yake ganin ana gane abin ne ta wani duhu da ke cikin sautin.

Ya ba da labarin Pastora Pavon, da aka fi sani da La Nina de los Peines, wadda ta yi waƙa a wata mashaya a Cadiz da dukkan gwanintarta amma masana da ke wurin suka yi gum. Sai da wani ya yi mata ba'a, ta fusata, ta yi watsi da ado, ta rera da maƙogwaro a ƙone, sannan wurin ya ɗauka. Ya kuma ambaci wata tsohuwa 'yar shekara tamanin da ta doke 'yan mata a gasar rawa a Jerez da ɗaga hannu da bugun ƙafa ɗaya.

A cikin laccar ya ce a kiɗan Larabawa, idan wannan yanayi ya sauko, masu sauraro kan ɗaga murya da kiran sunan Allah, ya kuma nuna kusancin hakan da kalmar ole da Sifaniyawa ke furtawa. Masana harshe sun yi saɓani a kan ko daga nan kalmar ta fito. Amma wanda ya san abin da Larabawa ke kira ɗarab, ko abin da sufaye ke kira hali, wato yanayin da ke zuwa kyauta ba da ƙoƙarin bawa ba, zai gane inda maganar ta dosa.

Lorca ya kawo sunayen manyan sufayen Kiristocin Sifaniya na ƙarni na 16, Teresa ta Avila da Juan de la Cruz, wanda ya yi fice da koyarwar cewa rai yakan bi ta cikin duhun dare kafin ya kai ga Ubangiji. A wannan shekarar ta 1933 ne wani limamin coci masanin Larabci, Miguel Asin Palacios, ya wallafa nazarin da ke nuna kamanni tsakanin wannan koyarwa da ta Ibn Abbad, ɗan garin Ronda na Andalus, Bashazile, mai sharhin Hikam na Ibn Aɗa'illah.

Bambancin dai shi ne, daren sufi yana da asuba. A laccar Lorca babu alkawarin saduwa a ƙarshen tafiyar, abin da ke akwai rauni ne da ba ya warkewa, wanda fasaha ke fitowa daga gare shi.

Diwani

A shekarunsa na ƙarshe ya sake komawa ga gadon Larabawan garinsu. Fassarar waƙoƙin Andalus da Emilio Garcia Gomez ya fitar a 1930 ta yi tasiri a kan marubutan zamanin, shi kuma Lorca ya tsara Divan del Tamarit, wanda ya raɗa wa sunan wata gonar baffansa da ke gefen Granada. Ya ƙunshi gazal 12 da ƙasida 9. Sunayen kawai ya ara, bai bi ma'aunin aruli ba. Ruwa ne ya mamaye littafin, na rijiya da kududdufi da maɓuɓɓuga, kuma kusan ko'ina yana tare da mutuwa.

A wata hira da jaridar El Sol ta buga a watan Yunin 1936, ya bayyana faɗuwar Granada a 1492 a matsayin babbar asara ta ilimi da waƙa da gine-gine, ya kuma soki masu kuɗin birnin na zamaninsa da kakkausar murya. Maganar ba ta yi musu daɗi ba.

Kisansa

A tsakiyar watan Yulin 1936 ya bar Madrid zuwa gida. Kwanaki kaɗan bayan haka sojoji suka yi wa gwamnatin jamhuriya tawaye, yaƙin basasa ya ɓarke, Granada kuma ta faɗa hannun 'yan tawaye. Ya nemi mafaka a gidan abokinsa, marubuci Luis Rosales, wanda 'yan uwansa jiga-jigai ne a jam'iyyar Falange mai goyon bayan tawayen.

Hakan bai cece shi ba. Ranar 16 ga watan Agusta aka harbe mijin ƙanwarsa, Manuel Fernandez-Montesinos, magajin garin Granada, kuma a ranar ce wani tsohon ɗan majalisa, Ramon Ruiz Alonso, ya jagoranci kama Lorca. Falla ya je ofishin gwamna domin ya roƙa masa, amma bai yi nasara ba.

An harbe shi da asuba, ranar 18 ko 19 ga watan, tare da wani malamin makaranta da wasu mutum biyu, a kan hanyar da ke tsakanin ƙauyukan Viznar da Alfacar. Kusa da wurin akwai wata maɓuɓɓuga da ta daɗe tana shayar da tsohuwar unguwar Albaicin a da, tun daga zamanin mulkin Musulmi. Sunanta Ainadamar, daga Larabcin da ke nufin idon ruwan hawaye.

Wani rahoton 'yan sandan Granada na 1965, wanda ya fito fili a 2015, ya amsa cewa hukumomi ne suka kashe shi, yana zarginsa da ra'ayin gurguzu, da shiga ƙungiyar asiri ta Freemason, da kuma neman maza. Wasu masana tarihi sun ƙara da tsohuwar gabar filaye da ke tsakanin dangin mahaifinsa da wasu manyan gidajen yankin.

Iyalinsa sun yi hijira zuwa New York a 1940, shekarar da aka buga Diwanin a can, kuma a birnin mahaifinsa ya rasu a 1945. A Sifaniya ta Janar Franco, sai a 1954 aka yarda a buga tarin ayyukansa.

Masu flamenko kuwa sun karɓi mutumin da ya zo musu daga waje. A 1979 Camaron de la Isla ya fitar da faifan La leyenda del tiempo, wanda waƙoƙin Lorca suka yi yawa a cikinsa, Enrique Morente kuma ya bi sahu da Omega a 1996. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya flamenko cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

A ƙarshen 2009 hukumomin yankin Andalus sun haƙa wurin da aka daɗe ana nunawa a matsayin kabarinsa a Alfacar, ba a tarar da ko ƙashi ɗaya ba. An sake neman wasu wurare a 2014 da 2016, nan ma ba a dace ba. Danginsa dai sun sha nuna cewa sun fi son a bar shi inda yake, cikin sauran ɗaruruwan mutanen da aka kashe aka binne a wannan tudu.